Kafin Ruwa Ya Sauka: Wane Gyara Gidanka Ya Fi Buƙata?



Bazara ta kama. Iskar hunturu ta ɗauke, dare ya daina sanyi, kuma nan da 'yan makonni za ka fara ganin hadari yana haɗuwa daga gabas da la'asar, ya yi ta walƙiya sannan ya watse. A irin wannan lokaci ne unguwa ke cika da ƙarar guduma. Wani yana kan rufi yana toshe inda kwano ya yi yoyo bara, wani ya tara ƙasa a ƙofar gida zai yi yaɓe, wani kuma ya sauke yashi da buhunan siminti zai shafe tsakar gida. Al'ada ce tsohuwa, mai kyau kuma. Kakanninmu sun san cewa da zarar ruwa ya sauka gona za ta ɗauke hankalin kowa, don haka suke gyara indararo, su lulluɓe katanga da sabuwar ƙasa, mata su taru su yi daɓe da ruwan makuba, duk kafin shuka.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu a filin lafiya shi ne, na daɗe ina lura da yadda muke jera ayyukan gyaran gida. Kuɗin da ke hannun magidanci ba su da yawa, ayyukan kuwa suna da yawa, sai ya fara da abin da baƙo zai gani: fenti, tayil, sabon ƙyaure. Abin da baƙo ba ya gani, wato magudanar ruwa da masai da bakin rijiya, sai a ce a bari sai an samu sarari. Ra'ayina shi ne a juya wannan jeri. Yawancin cututtukan da ke kwantar da iyali a watan Yuli da Agusta, a watan Afrilu ake buɗe musu ƙofa ko a rufe, kuma aikin da ke rufe ƙofar ya fi aikin kwalliya araha nesa ba kusa ba.

Fara da bin sawun ruwa

Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, yi wannan gwaji. Cika bokiti uku, ka kwarara su a tsakiyar tsakar gidanka, ka tsaya ka ga inda ruwan ya nufa da inda ya kwanta. Duk inda ya kwanta yau, nan zai kwanta da damina, sai dai a lokacin ba bokiti uku ba ne.

Sauro ba ya buƙatar kududdufi kafin ya hayayyafa. Macen sauron da ke ɗauke da zazzaɓin cizon sauro ta fi son ruwa kwantacce wanda rana ke bugawa, ko da bai fi sawun ƙafar saniya ba, kuma a zafi irin namu mako ɗaya zuwa biyu ya ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi. Akwai wani nau'in da ya fi son ruwan da ya taru a tsohuwar taya, da gwangwani, da fasasshen tulu, shi ne mai yaɗa zazzaɓin shawara, kuma da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ba zai yi maka amfani ba. Rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke, kuma ƙananan yara ne suka fi mutuwa. Wani kaso na wannan sauro a cikin gidajenmu muke kiwonsa.

Saboda haka aikin farko shi ne cike kwari da ƙasa ko tsakuwa, da karkatar da tsakar gida ta yadda ruwa zai bi hanya guda ya fita. A yashe magudana tun tana busasshiya, domin yashe ta bayan ta cika da ruwa aiki biyu ne. Ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar yaɓe a mayar da shi a cike a ranar da aka gama aiki. Ruwan wanka da na wanke-wanke kuma a yi masa rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a cika shi da fasassun duwatsu ko ɓaraguzan bulo, a rufe samansa, ƙasa za ta riƙa shanye shi. A nisanta ramin da gindin katanga da kuma rijiya. Wannan ya fi sakin ruwan ya bi lungu ya je ya kwanta a ƙofar maƙwabci, domin sauron da aka ƙyanƙyashe a can ba ya neman izini kafin ya ƙetaro katanga.

Kada wannan ya sa ka ajiye gidan sauro mai magani. Haka nan idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina suka zo, wanda ake bai wa yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 sau ɗaya a kowane wata, ka buɗe musu ƙofa, ke kuma uwargida ki tabbata yaron ya shanye na kwana ukun. Gyaran gida yana rage yawan sauro, waɗannan kuma suna kare yaro daga wanda ya rage.

Masai da rijiya

Aiki na biyu shi ne wanda muka fi jin nauyin magana a kansa. A shekarar 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi ɗanɗana kuɗarta. Hanyar wannan cuta ɗaya ce: ƙazantar da ta fita daga cikin wani ta shiga ruwa ko abincin wani. Ruwan sama na farko shi ne babban ɗan aikenta, domin yana wanke duk abin da rani ya bari a ƙasa ya kai shi rijiya.

Je ka duba masai da idon basira. Idan ya kusa cika, yanzu ne lokacin kwashe shi, tun kafin ruwan ƙasa ya taso ya sa shi ambaliya. Idan daɓensa ya tsage, ko itacen da ke riƙe da shi ya fara ruɓewa, a gyara, domin ruftawar masai da mutum a kai abu ne da ke faruwa kowace damina. A yi wa ramin murfi mai mariƙi saboda ƙuda. A ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, inda mai fitowa ba zai iya cewa bai gani ba. Kashin yara kuma a zuba shi a masai, kada a jefa shi kan bola da sunan wai na yaro ba ya cutarwa. Yana cutarwa ƙwarai.

Masana tsaftar muhalli suna ba da shawarar a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kusan taku 40 na babban mutum. Na san mai karatu da ke cikin birni zai ce gidansa gaba ɗaya bai kai haka ba, kuma gaskiyarsa. Idan haka ne, sai ka ɗauka cewa ruwan rijiyarka na wanki ne da wanka, na sha kuwa sai an tafasa ko an sa masa sinadarin kulorin kamar yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Sannan a ɗaga bakin rijiyar ya kai ƙugu, a zagaye gindinta da siminti mai gangara zuwa waje, a ware mata guga ɗaya da ake rataye shi, a kuma yi mata murfi mai nauyi ko mai kwaɗo. Murfin nan aiki biyu yake yi. Duk wanda ya taɓa zuwa gaisuwar yaron da ya faɗa rijiya ya san cewa babu fentin da ya kai farantin ƙarfe guda daraja.

Bishiyar da kake shirin sarewa

A nan ne nake sa ran wasu za su saɓa mini. Ya zama yayi a sare bishiyar tsakar gida, a malala siminti ko a jera tubalan daɓe daga bango zuwa bango, a ce gida ya yi tsaf. Dalilan da ake bayarwa ba na banza ba ne: ganye yana wahalar da mai shara, saiwa tana fasa gini, taɓo yana ɓata ɗakuna. Na kuma yarda siminti yana da amfani ga lafiya a inda ya dace. Daɓen siminti a ɗakin kwana, da madafa, da makewayi, da wurin da jariri ke rarrafe, yana rage tsutsar ciki da gudawa, domin ana iya wanke shi.

Amma tsakar gidan da aka rufe ruf da siminti, babu inuwa, tanda ce. A Sakkwato da Maiduguri da Kano zafin watan Afrilu yana haura digiri 40. Siminti yana shan wannan zafi tun hantsi, ya riƙa amayar da shi har tsakar dare, daidai lokacin da iyali suka shimfiɗa tabarma a waje suna neman iska. Waɗanda zafi ya fi yi wa illa su ne jarirai, da tsofaffi, da masu juna biyu, da masu ciwon zuciya ko ƙoda, da masu sikila waɗanda ƙarancin ruwa a jiki ke tayar musu da ciwo. Ga shi kuma ruwan saman da ƙasa za ta shanye ba shi da wurin shiga, sai ya kwarara titi ya haɗu da na sauran gidaje. Ambaliyar da muke kuka da ita a unguwanni, da hannunmu a ciki.

Shawarata ita ce a raba tsakar gida. A yi siminti a hanyar wucewa da wurin wanke-wanke, a bar wani yanki da ƙasa ko tsakuwa. Bishiyar da ta girma a rage mata rassan da suka hau rufi ko suka kusanci wayar lantarki, a bar ta da ranta, domin inuwar da gatari ya kayar cikin awa ɗaya sai an shekara goma ana jiran irinta. Wanda ba shi da bishiya kuwa, bazara ce lokacin haƙa rami da zuba taki, a dasa da ruwan farko, nesa da gini da 'yan mitoci. Darbejiya tana jure fari tana ba da inuwa. Zogale ba ya cin wuri, yana saurin girma, ganyensa kuma yana da sinadarin ƙarfe da bitamin A da yara da masu shayarwa ke buƙata. Lemun tsami ko gwaiba ɗaya a kusurwa ya isa ya canza abin da yaro ke ci da rana. Sai dai in yi gargaɗi guda: ganyen darbejiya ba ya maye gurbin gwajin jini da maganin asibiti ga mai zazzaɓi.

Batun zafi yana kai mu ga taga. Bazara lokacin sanƙarau ce a yankinmu. Dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ta kashe sama da 11,000. Ta numfashi take yaɗuwa, kuma ta fi samun dama a ɗakin da mutane suka cunkushe babu iska. Idan ɗakin yaranka taga ɗaya gare shi, ko kuma an toshe ta da kwali tun hunturu, fasa ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko, a sa wa dukkansu ragar sauro. Allurar rigakafi ita ce babbar garkuwa, don haka a duba katin kowane yaro. Idan kuma aka ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, a tafi asibiti a ranar, kada a kwana.

Tarkacen da aka jibge a lungu

Kowane gida yana da lungun da ake tara abin da aka ce wata rana zai yi amfani: tsoffin kwanuka, guntayen katako, buhuna, tayoyi. Lungun nan masaukin ɓera ne, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, yana zuba ta a abinci ta fitsari da kashinsa. A kwashe tarkace, a toshe ramuka, a ɗaga buhunan hatsi daga ƙasa, a zuba abin da za a iya a mazubi mai murfi.

Wajen kwashewar a yi hattara, domin kunama da maciji ma a nan suke fakewa. A sa takalmi rufaffe, a fara motsa tari da doguwar sanda kafin a kai hannu. Idan tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya har jini ya daina zagayawa. A kwantar da mutumin, a hana gaɓar motsi, a garzaya da shi asibitin da ke da allurar dafi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, kuma mutum yana iya zama garau na sa'o'i alhali yana zubar da jini ta ciki.

A kuma lura da abin da ake shigowa da shi tsakar gida da sunan sana'a. A 2010 yara kusan 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare masu gubar dalma a cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara ke wasa a kai. Sai da aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa. Darasin ya wuce masu haƙar zinare. Fasa tsohon batirin mota, ko kankare tsohon fenti a bushe yara na zagaye, duk hanyoyi ne da dalma ke shiga jikin yaro ta dakushe masa ƙwaƙwalwa. Tsohon silin asbestos kuma kada a fasa shi ko a yanka shi da zarto, domin ƙurarsa tana maƙalewa a huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekaru masu yawa.

Wanda ya fi kowa zama a gidan

Idan akwai majinyaci ko tsoho a gidanka, shi ya kamata a fara tambaya kafin a kira magini. Kai maigida kana fita da safe ka dawo da dare, shi kuwa tsakar gidan nan ita ce duniyarsa. Mai shanyewar ɓarin jiki yana buƙatar dokin ƙofar da ba shi da tudu, da ƙarfen dafawa a bangon makewayi, da kujera mai huda idan tsugunne ya gagara. Tayil mai sulɓi a banɗaki ya karya ƙugun tsofaffi da yawa, kuma tsohon da ƙugunsa ya karye ba kasafai yake komawa yadda yake ba. A zaɓi mai kaushi, a sa fitila a hanyar makewayi. Mai asma a kai shi gidan 'yan'uwa ranar da za a yi fenti ko a tayar da ƙura. Mai ciwon suga kada ya taka tsakar gida babu takalmi har sai an tsince ƙusa ta ƙarshe, domin ƙafarsa tana iya jin rauni bai sani ba.

Ke ma uwargida, a ji ta bakinki. Ke kika san inda hayaƙin murhu ke taruwa ya sa ki hawaye, da jaririnki a bayanki yana shaƙa. Madafa tana buƙatar mafitar hayaƙi ta sama da buɗaɗɗen gefe, kuma wannan gyara ne na rabin yini. Janareta kuwa a yi masa wuri a fili, nesa da tagogin ɗakin kwana. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari, tana kashe iyali guda cikin barci, kuma da damina aka fi samun haka, lokacin da ake jawo shi ciki don gudun ruwa.

Ranar aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ina ganin alheri babba a sa yara cikin aikin. Yaron da ya kife gwangwanaye da hannunsa, aka nuna masa 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a cikin ruwan, ya koyi abin da ba zai manta ba. Wanda aka ba shi bishiya aka ce tasa ce, shi zai riƙa tuna wa kowa da ban ruwa. Amma a raba aiki daidai da shekaru. Hawa rufi da tsani na manya ne. Jiƙaƙƙen siminti yana ƙona fata, kada a bar yara su yi wasa da shi. Duro ko bokitin da aka cika da ruwan gini a rufe shi, domin ɗan tatata yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwarka ba. Kananzir da man tsinka fenti kada a zuba su a robar lemo. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti. Wanda ya taka ƙusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana buƙatar allurar tatanos, cutar da ke sandarar da jiki ta sarƙe haƙora. A yi aiki mai nauyi da sassafe ko da yamma, a ajiye ruwan sha kusa, har da na leburan da aka ɗauka.

Wani zai ce duk wannan maganar masu kuɗi ce, wani kuma ya ce shi haya yake zaune. Ga na farko, ka sake duba jerin. Cike kwari, yashe magudana, kwashe tarkace, murfin masai da dasa zogale, ƙarfi suke ci fiye da kuɗi. Ka kwatanta abin da murfin rijiya da ragar taga za su ci da abin da ka kashe bara a kwana uku na jinyar yaro guda, da ƙarin ruwa, da kuɗin mota, da ranakun da ba ka fita nema ba. Ga ɗan haya kuwa, ku haɗa kai da sauran mazauna gidan ku tunkari mai gida tun yanzu, ku nemi a gyara masai da magudana a cire daga kuɗin haya. Abin da ya rage a hannunku ku yi shi ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. A da duba-gari ne ke shiga gida-gida yana leƙa randa, mutane suna gyarawa don tsoron tara. Yanzu da ba kasafai yake zuwa ba, aikin ya dawo kan mai gida da iyalinsa.

Ban ce kada ka yi wa gidanka kwalliya ba. Gida mai kyan gani yana faranta ran mazaunansa, wannan ma wani ɓangare ne na lafiya. Na ce dai fenti ya jira, domin zai iya jira har bayan damina ba tare da kowa ya kwanta ba, magudana da masai da rijiya kuwa ba za su jira ba. Yau da yamma, idan rana ta yi sanyi, ka tara iyalinka, ku ɗauki bokitan nan uku, ku zagaya gidan tare.

Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi.